In sayar da gidana na Maraɗi in kama haya a Yamai kafin in sayi wani?

Baban Biyar:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma na fi so ta fito daga bakin waɗanda suka taɓa bin wannan hanya.

An yi mini afektasiyo zuwa Yamai. Takardar ta fito tun watan Yuni, ana so in kama aiki kafin a koma lakkol a watan Oktoba. Shekaruna 46, kuma irin aikin da aka ba ni ba na zaton za a sake maido ni Maraɗi kafin ritaya.

Ina da gida a unguwar Zariya, fili mita 400. Na sayi filin a 2011, na fara da ɗaki biyu na kwano, duk shekara abin da ya samu in ƙara bulo. Sai 2017 na zuba dal, wato rufin kankare, a kan falo. Yanzu ɗaki huɗu ne da falo, da ɗakin Inna a kusa da zaure don ba ta son nisa da ƙofa, da dogon yaro biyu a waje, da lemun tsami guda da uwargida ta dasa shekarar da muka tare. Wani Alhaji maƙwabcina yana so ya haɗa da nasa, ya taya miliyan 21 na sefa, kuɗi hannu.

Farkon Yuli na yi kwana shida a Yamai, wani dillali ya yi ta yawo da ni a kan moto: Bobiyel, Kwara Tegi, Banifandu, har Yamai 2000. Gidan da na gani mai kama da nawa, miliyan 45 aka ce, wani 50. Da miliyan 21 sai dai kango, ko fili can bayan gari inda ko turakun wuta ba su kai ba. Haya kuma, ɗaki uku da falo, daga jika 90 zuwa 120 a wata (jika ɗaya sefa dubu ke nan), ga kuɗin wata uku a gaba, ga kosiyo, wato kuɗin ajiya da mai gida ke riƙewa, ga ladan dillali.

Abin da na tsara a raina shi ne in karɓi kuɗin Alhaji in ajiye a banki, mu kama haya shekara ɗaya ko biyu har in san gari, in haɗa da abin da na tara da ɗan bashi in sayi gida. Uwargida ta ce ba da ita ba. Inna ba ta ce uffan ba, abin da ta tambaya kawai shi ne wa zai riƙa ba itatuwan ruwa. Tun daren da ta faɗi haka barci bai yi mini daɗi ba.

Wanda ya taɓa yin haka, yaya ta ƙare? Kuɗin sun jira shi, ko farashi ya gudu ya bar shi? In kuma na bar gidan na sa haya, wa ke iya kula da gida daga nisan sama da kilomita 600?

Tsohon Ɗan Kasuwa:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka zauna ka karanta wannan da kyau, don abin da kake shirin yi ni na yi shi.

Gidana a Sabon Gari yake. Na sayar a 2018 miliyan 14, da wannan niyya taka sak: in je Yamai, in yi haya shekara guda, in saya. Yau shekara bakwai ina gidan haya a Talaje.

Ba sata aka yi mini ba, ba kuma caca na yi ba. Ga yadda suka tafi. Ranar da aka yi ciniki akwai dillali, akwai shaidu biyu, akwai mai unguwa. Kafin la'asar dangi duka sun ji. Wata bai cika ba aka kwantar da ƙanena asibiti, sai an yi aiki. Wa za a duba? Ni. Kuma da gaskiyarsu, ni ma da na ƙi ba zan yafe wa kaina ba. Bayan wata biyar auren ɗiyata ya taso, uwarta ta ce yanzu da hali, kada a ji kunya a wajen kayan ɗaki. Ɗan yayana ya samu gurbin karatu, saura kuɗin rajista. Kowace buƙata ta gaske ce. Da gida ne, ba wanda zai zo ya ce ka ɓalle masa bangon falo ya kai asibiti, za a yi karo-karo kowa ya kawo nasa, kai ma ka kawo naka. Amma da zarar ya zama kuɗi, sai ya riƙa gutsuruwa jika ɗari biyu, jika ɗari biyar, kuma kai da hannunka kake gutsurawa.

Da na ga sun koma miliyan 10, sai tsoro ya kama ni, na ce bari in juya su su dawo. Ɗan Maraɗi ne ni, jinin kasuwa ba ya barin mutum ya ga kuɗi kwance. Na zuba miliyan 6 a kaya masu bi ta Ɗan Isa zuwa Jibiya. A watan Agusta 2019 Najeriya ta rufe boda, ba a buɗe ba sai Disamba 2020. Kaya suka kwana a sito wata da watanni, kuɗin sito na tafiya, daga baya na sayar a faɗuwa don kada su lalace gaba ɗaya.

Ana cikin haka filin da aka ce in saya miliyan 3 a bayan Kwara Tegi shekarar da na zo, na ce ya yi nisa, bara na wuce ta wurin, unguwa ce cike da gidaje da masallacin Juma'a. Na tambayi na kusa da shi, aka ce 8. Gidana na Sabon Gari kuwa, wanda ya saya ya gyara fuska ya fitar da shaguna uku. In na zo Maraɗi ba na bin layin.

Ka yi haya a Yamai, wannan daidai ne. Amma ka yi ta da albashinka, gidanka na tsaye a bayanka. Maganar uwargidanka ka riƙe ta da hannu biyu. Tawa ta faɗa mini irinta, ban ji ba.

Maman Tagwaye:

Yaya Baban Biyar, barka da wannan ci gaba, Allah ya sa alheri ne ya kira ka. Ni 'yar Bagalam ce, aure ya kawo ni Yamai tun 2015. Maganar sayarwa na bar wa maza, ni a kan haya zan yi magana, don na ga amfaninta da idona.

A farkon 2020 saura ƙiris mu sayi gida a Harobanda, can ƙetaren kogi. Da rani muka gan shi: fili mai faɗi, mangwaro uku, iska mai sanyi daga kogi, farashi kuma ƙasa da na wannan gefen nesa ba kusa ba. Maigida har ya fara neman bashi. Allah ya sa kuɗin ba su haɗu ba, sai muka kama haya a layin da ke bayansa, da niyyar in sun haɗu mu saya. Ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba na shekarar kogi ya cika ya fasa datsi, ruwa ya shiga Lamorde da Karaje da Kirkisoy, Saga ma a wannan gefen ba ta tsira ba. Mu cikin dare ya same mu. Na farka na sa ƙafa ƙasa na ji sanyi har idon sawu, takalman yara suna yawo a tsakar ɗaki. Na goya ɗaya na saɓa ɗaya, maigida ya ɗora jakar takardu a ka. Katifu da buhun gero da firji duk sun tafi. Amma mu bayan mako biyu muka samu wani gida a Lazare muka tashi. Maƙwabciyarmu da suka gina nasu da gumin shekara ashirin ba ta da inda za ta, ta koma cikin danshi tana shanya kaya.

Don haka kada ka sayi ko taku ɗaya a Yamai sai ka ga wurin da damina. Kai da ka je farkon Yuli ba ka ga komai ba. Yanzu Agusta ne, in da hali ka koma, ka jira ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, washegari da sassafe ka zagaya unguwannin da dillalin ya kai ka. Ba bakin kogi kaɗai ba ne, akwai ƙoramar Guntu Yena da ta ratsa gari, akwai kwaruruka da aka cike aka yi gini a kai. Kuma kogin nan sau biyu yake cika: na damina mai ruwa ja, sai kuma wanda ke gangarowa daga Gini ta Mali, ya iso cikin sanyi wajen Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da baƙo ke zaton an gama da maganar ruwa.

In ka shiga gida ka duba gindin bango ta waje da bayan ƙofar makewayi. In an yi sabon fenti daga ƙasa zuwa gwiwa kawai, ka san abin da ake rufewa. Kada ka tambayi dillali ko ruwa na kwanciya, ka tambayi mai ƙosai ta bakin layi ko mai shago, su ne ke wurin kullum. Ka tambaye su kuma yaya famfo yake a watan Afrilu da Mayu, don akwai unguwannin tudu da in zafi ya yi sai tsakar dare ruwa ke zuwa, mata su kwana tara a jarka. Ka nemi gida mai kontar ɗinsa shi kaɗai, na wuta da na ruwa. Kontar haɗaka da maƙwabta ita ce ta fi raba 'yan haya faɗa. Abin da ka biya duka, har kosiyo, a rubuta a sa hannu, kuma ka ɗauki hoton kowane ɗaki ranar da ka shiga.

Sai nisa. A Maraɗi ka hau kabu-kabu minti goma ka kai ko'ina. Nan in gidanka na gefe ɗaya aikinka na ɗaya gefen, ka je ka tsaya bakin gadar Kennedy ƙarfe bakwai da rabi na safe ka gani. Ka lissafa kuɗin taksin yara biyar zuwa lakkol da dawowa, sau da yawa gidan da ya fi arha da jika 20 shi ya fi tsada.

Abu na ƙarshe, Yaya. Ruwan da aka yi a Maraɗi ƙarshen Agustan 2024, wanda ya rushe gidaje ya ɗauki rayuka, gidanku ya tsaya? In ya tsaya bango bai tsage ba, to gida ne da aka jarraba. Ni da zan samu irinsa ba zan yi saurin rabuwa da shi ba. Kuma ka zauna da matarka ka ji dalilinta har ƙarshe. Kai da safe za ka fita aiki, ita ce za ta wuni a gidan mutane, inda ba ta da ikon kafa ƙusa ko ɗaure akuya sai ta nemi izini.

Magini Ɗan Ali Ɗan Sofo:

Ina girmama Baba Tsohon Ɗan Kasuwa, kuma abin da ya same shi Allah ya mayar da alheri. Amma ban yarda a ce kada a sayar kwata-kwata ba. Aikin gini nake yi tsakanin Maraɗi da Yamai, kuma na sha gyara gidajen da masu su suka bari a hannun 'yan haya.

Yallaɓai, ka yi lissafi. Gidanka a Zariya in ka sa haya, da wuya ya wuce jika 50 a wata, in ma an biya a kan lokaci. Kai kuma za ka biya 100 a Yamai. Kullum kana cike gibi daga albashi, yaushe za ka tara na saye? Ga gyara: shadda ta cika, dal ya fara yoyo, a kira ka a waya kana can, sai ka turo kuɗi ba ka ga aikin ba. In kuma ka ce ka sa ɗan'uwa ya zauna kyauta ya kula, ranar da ka tashi sayarwa sai an tara dattawa kafin ya fita. Daga Yamai zuwa Maraɗi a kar wuni guda ne cur, ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni, ba tafiyar da za ka yi duk wata ba ce.

Kuskuren da ke cikin tsarinka ɗaya ne: ka sa sayarwa a gaba, saye a baya, da shekara biyu a tsakani. Juya shi. Ka fara samun abin da za ka saya, a gama binciken takardu, sannan ka karɓi kuɗin Alhaji, su shigo yau su fita cikin mako. In Alhaji da gaske yake so, gidan da ke manne da nasa ba shi da na biyu a duniya, zai jira, wataƙila ma ya ƙara. Banki kuma ka tuna 2023, bayan takunkumin da aka sa wa ƙasa daga ƙarshen Yuli: ni kaina na yi layi tun asuba da kuɗin leburori a asusuna, aka ba ni ɗan abin da aka ƙayyade aka ce in dawo. Kuɗinka ne, amma ranar da ciniki ya faɗo ba lalle su fito gaba ɗaya ba.

Kuma ka daina kallon gidan miliyan 45. Yadda ka yi a Zariya haka za ka yi a can. Fili mai takarda a unguwar da wuta da ruwa suka kusa, sauran kuɗin ka zagaye shi ka yi ɗaki biyu da falo da makewayi ka shiga. Tun da gwamnati ta rage farashin siminti a ƙarshen 2024 gini ya ɗan yi sauƙi, ƙarfe da katako kuma ka shiga kasuwar Katako da wanda ya san gari.

Inda ake kuka a Yamai shi ne takarda. Ta gargajiya da mai gari ke bayarwa daban, akt da sesiyo, takardar da hukuma ke bayarwa a kan filin da aka yi wa lotisma, wato aka yanka aka tsara, daban, titir fonsiye kuma, takardar cikakkiyar mallaka, shi ne mafi ƙarfi. Kada ka yarda da hoton takarda a waya. Ka karɓi lambar ilo, wato rukunin filayen da yake ciki, da lambar fili ka je ma'aikatar magajin gari da ofishin kadastir, masu rajistar filaye, da ƙafarka a duba sunan wa ke kai. Ka ɗauki jewometir, mai awon fili, ya nuna maka borni huɗu, wato alamun iyaka, a ƙasa, don an sha nuna wa mutum fili a bakin hanya alhali lambarsa tana cikin kwari. In filin gado ne, sai ka ga takardar rabon gado da amincewar magada duka. Ka nisanci duk abin da ya shiga dajin nan da aka dasa ya kewaye gari, rigimar filayensa ta daɗe. Biya kuma a gaban noter, jami'in da ke tabbatar da takardun ciniki, ko da kuɗinsa sun yi maka ciwo. Wani da na yi wa aiki mun kai linta, wato saman ƙofa da taga, sai ga mutum da tasa takardar a kan fili ɗaya, yau shekara uku ginin na tsaye ciyawa ta fito a ciki.

Almajirin Limanci:

Malam, ƙari kaɗan a kan abin da ba a taɓo ba. Gidan da kake zaune a ciki babu zakka a kansa. Amma in ka sayar, kuɗin suka shekara a hannunka, zakka ta wajaba, ɗaya bisa arba'in, ko da niyyarka gida za ka saya da su. A miliyan 21, jika 525 ke nan a shekarar farko, kusan hayar wata biyar a lissafinka. Zakka ba asara ba ce, haƙƙin mabuƙata ne kuma tsarki ce ga dukiya, sai dai ka sa ta cikin lissafi tun yanzu. In kuma banki ya ce ka kulle kuɗin ya riƙa ɗora maka wani abu a kai, ka tambayi malaminka kafin ka sa hannu.

Tambayar da mahaifiyarka ta yi ba ta itace ba ce. Ka koma ka zauna gabanta ku biyu, ka tambaye ta ko tana son barin Maraɗi. Ka yi istihara.

Baban Biyar:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta sau uku, na kuma karanta wa uwargida na Maman Tagwaye da na Baba.

Malam Almajiri, na yi yadda ka ce. Jiya bayan isha'i na shiga ɗakin Inna na zauna a bakin tabarma. Ta daɗe tana jan carbi kafin ta ce ita duk inda na kai ta za ta, amma kabarin mahaifinmu a nan yake, ƙawayenta na zuwa gaisuwa da biki a nan suke, kuma ba ta jin Zabarmanci. Ban taɓa tambayarta ba sai jiya.

Maman Tagwaye, gidan ya tsaya a ruwan 2024. Katangar baya ce kawai ta ɗan zauna, na gyara ta da kaka.

Na sake lissafi a takarda. Hayar shekara biyu a jika 100 miliyan 2 da jika 400 ne, ban da kuɗin shiga, ban da zakka, ban da irin buƙatun da Baba ya lissafa, waɗanda na san ba zan iya kau da kai daga gare su ba. Amma maganar Magini ita ma ta zauna mini, don hayar Zariya ba za ta riƙe ta Yamai ba, kuma ba na so in kai ritaya ina gidan wani.

Ga inda na tsaya. Na je na samu Alhaji da safe na ce ya ba ni zuwa bayan damina mai zuwa. Bai ji daɗi ba, ya ce ba ya alkawarin farashin zai zauna yadda yake, na ce na yarda. Bana ni kaɗai zan tafi, in kama ɗaki da falo kusa da wurin aiki, yara su ƙare shekarar karatu a nan tare da uwarsu da Inna, babbar ma bana take da jarrabawar BEPC. Rabuwar ce ta fi yi mini nauyi, ƙaramin bai cika shekara uku ba. Akwai wani ɗan fili da nake da shi a hanyar Ɗan Isa, shi zan fara sayarwa in riƙe kuɗin jewometir da noter da kafin alƙalami in wani abu ya faɗo.

Ranar Alhamis zan hau kar ta asuba in je in ga unguwannin cikin ruwa. Magini, in kana Yamai a makon nan ina so ka raka ni wani fili da aka nuna mini a bayan Bobiyel, an ce yana da akt da sesiyo amma ban ga borni ko ɗaya ba. Wanda kuma ke zaune a Kwara Tegi ko Banifandu, don Allah ya gaya mini layukan da ruwa ke kwanciya, in san inda zan fara dubawa.